Jirgin ruwa na hannu da rikicin wutarsa: abin da muka tarar a Gosport

Jirgin da zan yi bayani a kai ƙirar Westerly ne, ƙafa 32, na tsakiyar shekarun 1980, irin mai filafilai ɗin nan da iska ke turawa amma yana da ɗan injin dizal na shiga da fita tasha. Kamfanin ya daɗe da rufewa amma jiragensa har yau sun cika gaɓar kudancin Ingila saboda jikinsu akwai ƙwari. Wani yayanmu ne ya saya, ma'aikacin asibiti a yankin Portsmouth, ya ɗaure shi a wata marina a Gosport, wato tashar da ake biyan kuɗi a ajiye ƙananan jirage, kowanne da gurbinsa da sandar wuta da famfon ruwa a gefe. Ni kuma aikin wuta nake, daga rewaya da haɗa sola na faro a Kaduna kafin in zo nan in koma wayarin ɗin jirage, shi ya sa ya neme ni.

Shi a ganinsa matsalar ɗaya ce, batir. Sun fita da iyali sun kwana a kan anka, wato sun saki ƙugiyar tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa, a mashigar tekun Chichester Harbour, da safe ya murɗa makulli inji ya yi ƙas ƙas ya yi shiru, sai da wani maƙwabci ya zo da ƙaramin kwalekwale ya ba su batir aro. Alhali a tasha mita kullum tana nuna bolt 13.6, agogon batir ɗin ma a daren yana cewa saura kashi 90. Ya ce min "ƙanena kawai faɗa min wane litiyam zan saya in huta." Na ce Yaya ka riƙe kuɗinka tukuna, in ka zuba sabon batir a kan wannan wayarin ɗin ba mu san me ke ciki ba, abin da ya cinye tsoho shi zai cinye sabo. Da na ƙara tambayarsa sai ga wasu abubuwa biyu da bai ɗauka suna da alaƙa ba: bireka ɗin sandar tasha tana yawan faɗuwa, sannan da aka ɗaga jirgin don wanke ƙasansa an ga anod ɗin da aka sa sabo ƴan watanni baya, wato dunƙulen zink da ke kare ƙarafan ƙasan jirgi daga cin gishiri, ya kusa ƙarewa, farfela kuma ta fara yin wani ja-ja.

Ya kamata a san wani abu game da jiragen gaɓar teku a Ingila. Na cikin koguna da magudanan ruwa na cikin ƙasa dole su wuce binciken Boat Safety Scheme lokaci-lokaci, amma jirgin mutum na kansa da ke teku babu wanda ke zuwa duba masa waya. Mai duba jirgi kafin saye ma galibi kunnawa yake ya ga fitila ta kama ya rubuta tana aiki. Toh jirgi mai shekara kusan arba'in, ya bi hannu huɗu ko biyar, kowa ya zo ya ɗora nasa bai cire na wanda ya gabace shi ba, kuma babu wanda ya bar zane. Don haka aikin farko ba gyara ba ne, bin waya ne ɗaya bayan ɗaya da fitilar goshi da mita da tef ɗin rubutu, ana zanawa a takarda.

Muka cire wayar tasha gaba ɗaya muka ɗaga katifar gadon baya inda batiran suke. Guda uku. Ɗaya na tada inji, biyu na gida masu 110Ah kowanne (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) an haɗa su gefe da gefe, su ke ba fitilu da firiji da rediyo da na'urorin tuƙi wuta. Aikinsu daban ne: na inji ana so ya ba da ɗaruruwan amp na daƙiƙa kaɗan ya koma ya cika, na gida kuma a ja shi a hankali tsawon dare. Na raba su na bar su suka huta har washegari, don batirin da ya sauko daga caja yanzu ba ya faɗin gaskiya. Na inji ya nuna 12.6, lafiyarsa ƙalau. Na gida na farko 12.3. Na biyu 10.6. Duk wanda ya taɓa aikin batirin ruwa ya san wannan lamba, ɗakuna shida ne kowanne kusan bolt 2.1, in ka ga 10.5 ko 10.6 ɗaki ɗaya ya mutu. Gefensa ya kumbura, kuma Yaya ya ce ai yakan ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai a wajen, yana zaton banɗaki ne. Wannan mataccen shi ke zuƙe ɗan'uwansa dare da rana, caja kuma tana ta ɗura masa wuta yana zafi yana fitar da iskar haidurojin a ƙarƙashin gadon da yara ke kwana. Kuma ba ƙira ɗaya ba ne ba shekara ɗaya ba, wani ne ya sauya ɗaya ya bar ɗaya.

Amma wannan bai amsa tambayar me ya sa injin ya ƙi tashi ba tunda nasa batirin lafiya lau. Amsar tana jikin jan makunnin zaɓen batir mai 1, 2, BOTH, OFF, inda BOTH ke haɗa na inji da na gida wuri ɗaya. Wanda ya sayar masa ya ce ka bar shi a BOTH kawai, shikenan. Da na bi wayar caja sai na gane dalili, cajar mai baki ɗaya ce kuma an kai ta kan batiran gida ne kaɗai, don haka in ba a BOTH ba na inji ba zai taɓa samun caji a tasha ba. A tasha dabarar tana aiki. Amma da an bar tudu BOTH na nufin duka ukun sun zama tulu ɗaya, firiji na sha mataccen batir na sha, kafin asuba babu na tada inji. Na kuma gargaɗe shi cewa wannan makunnin in aka murɗa shi ya bi ta OFF inji na gudu, dayod ɗin altaneta, ƴan abubuwan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, na iya ƙonewa nan take.

Cajin inji ma ba cikakke ba ne. Akwai tsohon abin raba caji na dayod a bangon ɗakin inji, mai fiffiken alminiyam. Muka tada inji, a bakin altaneta 14.2, a kan batir 13.5. Wannan 0.7 ɗin dayod ke cinyewa, kuma batirin ruwa yana son wajen 14.4 kafin ya cika da gaske. Wato ko yini za a yi inji na gudu ba za su cika ba, batirin da kuma ke zama rabi-rabi kullum farantan cikinsa ke yin ɓawo ya rasa ƙarfi.

Sai agogon batir mai cewa kashi 90. Agogon ba shi da laifi. Irinsa yana ƙirga wuta ne ta wani ɗan ƙarfe da ake kira shant a layin negetif, kuma sharaɗin shi ne duk negetif ɗin jirgi ya bi ta cikinsa. Nan kuwa firiji da hitar dizal an ɗauro nasu kai tsaye a kan batir, sun tsallake shant sun tsallake makunni. Manyan masu shan wutar ke nan kuma agogo bai san da su ba. Muka zauna muka yi lissafi a bayan ambulan: firiji wajen amp 4 in kwamfuresa na gudu kuma kusan rabin lokaci yake gudu, ka ce 45Ah a yini da dare. Fitilar anka tsohon ƙwai ne mai wat 10, kusan 8Ah a dare. Hita, fitilun ciki, rediyo, cajin wayoyin yara, duka ya tasam ma 80Ah. Batirin ruwa kuwa ba a son a sauke shi ƙasa da rabi, kenan ko sababbi ne fil 220Ah ɗin nan 110 kawai kake da shi. Yaya ya daɗe yana kallon takardar nan, ya ce ashe ko batiran na da lafiya dare biyu ba zai yi ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali a ɓangaren bolt 12 shi ne kan batirin gida na fosetif. Wayoyi bakwai an tula su a kan ƙusa ɗaya an matse da noti mai kunne, babu fis ko ɗaya a kusa. Mutane na raina bolt 12 don ba ya jan mutum, amma batir irin wannan in wayarsa ta goge ta taɓa jikin inji zai saki ɗaruruwan amp, wayar ta yi ja ta kama katako da roba, kai kuma kana tsakiyar ruwa ba inda za ka gudu. Ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa a Amurka, cewa take a sa fis cikin inci 7 daga kan batir. Ɗaya daga cikin wayoyin ma irin ta gini ce mai silli ɗaya, wadda jijjigar inji ke karyawa, da na feɗe ta jan ƙarfen ya zama baƙi-ƙirin har nesa a cikin roba. A jirgi waya mai silli da yawa ake so, wadda aka shafe da kuza saboda gishiri.

Toh yanzu wutar tudu, nan ne aikin ya koma maganar rai. A Ingila bolt 230 ne a 50Hz kamar dai namu na Najeriya, sandar tasha na ba da amp 16 ta shuɗin fulogin nan mai ƙafa uku, wat 3,680 kenan in ka lissafa. Faɗuwar bireka iri biyu ce kuma dole a bambance. Ɗaya nauyi ne, butar lantarki mai wat 3,000 da hitar iska mai 2,000 a tare, wannan ba laifin kowa ba ne, lissafi ne. Ɗayar kuma RCD ce, wadda ke kwatanta wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural, in bambancin ya kai miliamp 30 ta yanke, don ma'anarsa wuta na zurarewa wani waje, ko ta ruwa ko ta jikin mutum. Tasu ta biyun ce. Na sa mega, na'urar gano inda wuta ke zurarewa, na bi layukan ɗaya-ɗaya, sai ga shi ƙarfen dumama ruwan wanka da ke cikin tanki ya tsage yana zubar da wuta zuwa jikin tanki. Akwatin bireka na cikin jirgi yana da tasa RCD ɗin, na danna maɓallin gwaji ko motsi ba ta yi ba, gishiri ya kama ta. Kenan ta sandar tasha ce kaɗai ke tsaronsu, ita ɗin da Yaya ke jin haushin faɗuwarta.

Wayar da ke tahowa daga sanda kuma an taɓa sauya mata kai, wanda ya yi ya juya layif da nutural. Komai zai yi aiki, buta za ta tafasa, amma birekokin jirgin masu yanke layi ɗaya ne, don haka ka kashe bireka kana ganin ka yanke wuta alhali nutural ka yanke, layif na nan a raye cikin soket. Ƙafar fulogin shiga ta jikin jirgi ta yi baƙi robar gefenta ta narke, alamar ta daɗe tana sako-sako tana zafi, kuma daidai wannan gurbin na cikin wuraren da gobarar jirage ke yawan farawa. Ga kuma wani tarko na tsofaffin jiragen Ingila: kafin a sauya launukan wayar gini zuwa ruwan ƙasa da shuɗi tsakanin 2004 da 2006, ja ne layif baƙi ne nutural. Bolt 12 ma ja ne fosetif baƙi negetif. A bayan allon makunnan jirgin nan ga ja da baƙi na 230 ga ja da baƙi na 12 a ɗaure cikin dami ɗaya. Wanda ya sayi jirgin da ya fito daga Amurka kuma ya sani can baƙi shi ne layif, wutarsu 120 ce a 60Hz, fulogin amp 30. Kada ka taɓa yarda da launi, ka auna.

Inbata ce ta sa na ɗaga murya. Ƴar ƙarama ce mai wat 1,000, an ɓoye ta a ƙarƙashin teburin taswira, kuma hanyar da aka haɗa ta da soket ɗin jirgi ita ce guntun waya mai fulogi a kai biyu, ka soka ɗaya a inbata ɗaya a soket. Daidai da mai haɗa janareto da wayarin ɗin gida ba tare da cenji-oba ba, wanda ke iya kashe ma'aikacin Nepa a kan fal. In inbata na kunne ƙafafun fulogin shiga da ke waje a fili suna ɗauke da 230, yaro ya ɗaga murfin ya taɓa shikenan. In kuma aka manta aka jona wutar tudu a kai, inbata ta tashi aiki, wataƙila da wuta. Caja ma a layin take, sai batir ya ba inbata, inbata ta ba caja, caja ta mayar wa batir, kowane zagaye ana asara. Na yanke wayar nan gida biyu a gabansa na ce Yaya wannan ba za ta sake kwana a jirgin nan ba.

Saura maganar anod, wadda ita ce mafi wuyar fahimta ga yawancin masu jirgi kuma ita ta fi jan kuɗi a ɓoye. Ƙarfe iri biyu a cikin ruwan gishiri in waya ta haɗa su sun zama batir, mai rauni a cikinsu yana narkewa. Shi ya sa ake ɗaura dunƙulen zink a ƙasan jirgi ya narke a madadin farfela da shaf, sandar ƙarfen da ke juya ta. Dabarar tsohuwa ce, Humphry Davy ya gwada ta a jiragen sojan ruwan Ingila tun 1824. Matsalar ita ce wayar atin, wayar kariyar nan da ke kai wutar da ta zurare ƙasa, koriya mai ratsin rawaya. A jirgin nan an haɗa ta da jikin inji, inji na haɗe da shaf da farfela da anod, ita kuma wayar ta bi ta sanda ta haɗu da atin ɗin duk jiragen da ke jone a layin, har da ƙarafan gadar da ake ɗaure jiragen. Kenan zink ɗin Yaya ba nasa jirgin kaɗai yake karewa ba, duk maƙwabcin da nasa ya ƙare a jikin na Yaya yake ci. Na rataya sandar aunawa ta azurfa a ruwa, jirgi ba jone ba ta nuna kusan bolt -0.95, da aka jona ta koma -0.65, wato kariyar zink ɗin ta ragu. Na auna abin da ke bi ta wayar atin, wajen miliamp 90 na DC, wato irin wutar batir. Kamar ba komai ba, amma amp ɗaya na cinye kusan kilo 11 na zink a shekara, kenan wannan ɗan abin kusan kilo guda ne a shekara. Jan da farfela ta yi kuma zink ɗin da ke cikin tagullar ne ya fara fita, ya bar ƙarfe mai laushi da ke iya ɓallewa.

Wani dattijo mai jirgi a gurbin kusa yana jinmu ya ce a cire wayar atin ɗin kawai, shi haka ya yi shekara da shekaru. Wallahi wannan shawarar tana yawo a kowace tasha kuma ita ce mafi muni. Gaskiya anod zai daina narkewa, amma ranar da irin ƙarfen dumama ruwan nan ya tsage, wutar ba ta da hanyar komawa tudu sai ta jikin wanda ya taɓa famfo, ko ta farfela ta shiga ruwa. A ruwan daɗi abin ya fi haɗari ma, don jikin mutum ya fi ruwan ɗaukar wuta, mai iyo sai gaɓoɓinsa su sandare ya nutse. Na ce wa Yaya kada yaransa su taɓa yin iyo a cikin marina ko wace iri ce. Maganin shi ne galbanik aisoleta, ɗan akwati mai dayod da ake sawa a kan wayar atin da zarar ta shigo, yana tare ƙaramar wutar da ba ta wuce bolt ɗaya da ɗoriya ba amma in babbar matsala ta faru zai bar ta ta wuce bireka ta faɗi. Taransifoma mai raba jirgi da tudu gaba ɗaya ta fi shi, sai dai nauyi da tsada, a jirgin ƙafa 32 ban ga dalili ba.

Gyaran mun bi shi ne bisa abin da zai iya kisa, ba bisa abin da ya fi damun mai jirgi ba. Sabuwar wayar tudu, sabon fulogin shiga, akwatin bireka mai yanke layif da nutural tare da RCD ta miliamp 30 kusa da mashiga, da fitilar da ke nuna in an juya layi, don in ya tsallaka Faransa wata tashar za ka tarar a juye. Aisoleta, sabon ƙarfen dumama ruwa. Inbata aka ba ta soket ɗinta guda ɗaya daban da babu ruwansa da sauran, da fis ɗinta babba, tunda wat 1,000 a bolt 12 ya haura amp 80. Sannan muka koma kan batir: fis a kan kowanne, wayoyi bakwai ɗin nan suka koma kan sandar rabawa, duk negetif ta bayan shant. Jan makunni ya fita, aka sa guda biyu, na inji da na gida, da na uku ƙarami na haɗa su in an shiga uku. Dayod ya fita aka sa rile mai jin bolt, wanda ke haɗa batiran da kansa in caji ya shigo ya raba su in ya tsaya. Caja mai matakai da baki biyu. Famfon kwashe ruwan ƙasan jirgi shi kaɗai muka bari kai tsaye da nasa fis, don dole ya yi aiki ko ba kowa a ciki. Sai a ƙarshe aka sayi batiran gida biyu iri ɗaya rana ɗaya, aka mayar da ƙwayayen fitila LED, aka sauya farfela.

Litiyam ɗin da ya zo da maganarsa ban hana shi ba, na dai ce ba bana ba. Yana da kyau, ya fi sauƙin nauyi kuma kana iya shan mafi yawan abin da ke ciki, amma ba cire wannan sa wancan ba ne. Yana jan duk abin da altaneta ta bayar har ta yi zafi ta ƙone in ba a sa caja ta DC zuwa DC a tsakani ba, in BMS ɗinsa, na'urar cikinsa mai kare shi, ya yanke inji na gudu matsalar OFF ɗin nan ce ta dawo, ba a cajinsa in sanyi ya kai sifili, fis ɗinsa daban ne, kuma dole a sanar da kamfanin inshora. Ga mai fita ƙarshen mako, faranti ɗaya na sola mai wat 100 zai fi yi masa amfani a yanzu.

Da suka sake kwana a kan anka ya turo min hoton agogo da safe, kashi 80, bolt 12.4 firiji na kunne, inji kuma bugu ɗaya. Awon ruwa jone da ba jone ba yanzu kusan ɗaya ne. Zanen wayarin ɗin an lulluɓe shi da leda an manna a cikin murfin teburin taswira, kowace waya da lambarta a kai biyu. Akwai abin da bamu taɓa ba, wayar da ke hawa cikin sandar filafili zuwa fitilar sama tana zubar da fiye da bolt ɗaya kafin ta isa, wannan sai lokacin sanyi in an ɗaga jirgi an sauke sandar, a lokacin ne kuma za a ga nawa sabon anod ɗin ya ci.